Ranar da Fasinjojina Suka Manne

Mai fenti ya fesa wa bayan akori-kurata baƙar roba, ya ce in bar ta kwana biyu ta bushe. Na ce, "Malam, ranar Bagudo ko kogi busar da shi take." Na dangwala yatsa, na yanke hukunci irin na masana: ta bushe.

Washegari na lodo 'yan kasuwar Lolo. Da muka isa na ce a sauka, ba wanda ya motsa. Wani dattijon Bafillace ya yunƙura da ƙarfi, ya miƙe, wandonsa ya ƙi biyo shi.

Ya ce, "Direba, mi na yi maka?"

Har yau in na shigo tasha sai a kwaɗa kira: "Lolo! Lolo! Mai wando biyu ya hau!"