Famfon da Ke Cin Goro

"…Lahiya lau, amarya. Ina gajiyar yawon iyaka?"

"Ta bi lafiya, tsohon ango. Ashe kana nan? Na ɗauka takaba zan dawo in shiga."

Malam Namadi ke nan da jikarsa Sa'adiya, a ƙofar ɗakin da ta mayar gona a nan Bagudo. Rani ya ƙone makiyaya, saniyar tsohon guda ɗaya tilo ta haihu, ta rame har sai an ɗaga ta take tashi. Shi ne yarinyar ta jera farantai a ɗaki tana tsirar da masara ta zama ciyawa, ga fanka, ga ɗan famfo mai yayyafi. Ana tsakar haka famfon ya mutu, ta tafi bakin iyakar Benin neman wani. Kowa ya ce tsiron ya gama yawo. Ni maƙwabcinsu, da na leƙa na gan shi kore shar, wallahi har kaina ya yi girma.

"Gona cikin ɗaki!" in ji tsohon. "Saura ki shimfiɗa wa masara katifa. To in Nepa sun ɗauke wuta hwa?"

"Ga sola, ga batir."

"In batirin ya bi sawun haƙorana?"

"In jiƙa buhunan algarara in rataya a taga, iska ta shigo da sanyi."

"To famfo? Ai ga shi ya mace, kin bar wanga abu ga Allah."

"Ina da na ajiya."

"Ina shi?"

"Ga shi gabana, da hula da sanda."

Tsohon ya tsuke fuska. "Ni? Mi ya haɗa ni da shirmenki? Ko ƙofar ban kalla ba."

"To wa ya shayar da farantan?"

"Aljannu. Dama ƙawayenki ne."

"Aljani mai cin goro? Ga tukarsa nan a bakin ƙofa. Ga sawun sanda har ƙuryar ɗaki."

"Ɓera na biyo!"

"Da buta?" Ta kwashe da dariya. "Kaka, da zan tafi wa ya cika randa ya aje buta a kai? Wa ya matso da buzun sallarka gindin tagar nan? Sannan na ɗaga murya na ce wa Inna kada a bar tsoho ya shiga, hannunsa na rawa, zai ɓata mini aiki. Na san da na roƙe ka, da sai su bushe. Da na hana ka kuwa, kowace alwala sai ka ba su tasu."

Sai ta shiga ta ɗauko faranti guda, ta ɓamɓaro ciyawar har saiwa, ta kai turke. Saniyar ta shinshina, ta ja da harshe, ta sake ja. Can sai ta yunƙura, ta dafa gwiwa, ta miƙe da kanta.

Tsohon ya daɗe yana kallo, idonsa ya kawo ruwa. Sai ya fashe da dariya.

"Ja'ira! Ɗiyar wa ke nan in ba jinina ba? Jeki, maraƙin ga naki ne."

"Na gode, ango. To sabon famfon da na sayo fa?"

"Aje shi cikin kwali," ya ce, yana laluben butarsa. "Tsohon bai lalace ba tukuna."