Rasuwar Koren Yadin Shagonmu

Da zuciya cike taf da baƙin ciki, ni mai ɗaukar bidiyo na shagon ƙasan bene nake sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a rasuwar abokin aikina, Koren Yadi, wanda ya yi shekaru rataye a bango bai taɓa cewa ya gaji ba.

Marigayin mai kawaici ne. Aikinsa ya tsaya a bayan mutum, kwamfuta ta goge duk abin da yake kore, ta sa wani wuri a madadinsa. Ta haka ya kai wanzamin layinmu cikin dusar ƙanƙara da silifas, ya tsayar da wani mawaƙi a tsakiyar teku ko ƙafar wandonsa ba ta jiƙe ba. Buƙatarsa ba yawa: a goge shi sumul, a haska shi daidai dama da hagu, mutum ya ɗan matso gaba. Wanda ya manne masa kuwa sai kunnuwansa su fito kore shar, kuma laifinsa ne, ba na marigayi ba. Har yanzu ina jin fat-fat ɗinsa idan fanka ta kaɗa shi.

Ciwon ajalin ya soma ne da yamutsewa da dattin gefe. Na kai shi gida na wanke, na shanya a igiya. Ana cikin haka surukata ta zo ziyara, ta shafa shi, ta ce launin da ta daɗe tana nema ke nan. Matata, Allah ya shirye ta, ta ce ai Mama ɗauka kawai. Na sakar mata shi, don ban ga namijin da zai ja yadi da uwar matarsa ba. Almakashin tela ya ƙarasa shi: riga, zani, ɗankwali, har da mayafi.

Abin da ya fi rasuwar ciwo shi ne na riga na yi wa Mama alkawarin tallan turarenta, a nuna ta tana tsaye a wani ƙaton kanti. Na aro koren labule, sai ga ta ta shigo sanye da marigayi tun daga sama har ƙasa. Kunya ta hana ni cewa ta canza kaya, na ɗauki bidiyon a haka. Yanzu abin da ke kwamfutata fuska ce kawai da hannaye biyu suna yawo a iska da kwalbar turare. Matata ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, amma ta ce ba da bakinta za a ji ba. Mama kuwa ta gaya wa duk ƙawayenta za ta fito a talla, kullum tana waya tana tambayar bidiyon.

Ya rasu ya bar fitilu biyu, ɗaya mai kashe ido, da sandar rataye, da dutsen guga da ya zama maraya.

Gawa dai ba za ta samu ba, tana jikin Mama, kuma ta yi mata kyau. Ƙyallayen da tela ya rage za a binne gobe a durowar shago. Ana karɓar gaisuwa a nan, a taimaka kada a zo da koren kaya. Daga nan za a wuce gidan Mama a nuna mata bidiyon. Ina roƙon masu ƙarfin hali su raka ni, wataƙila jana'izar ta zama biyu.