Ranar da Albasar Garinmu Ta Tona Min Asiri

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na yi kuka a ƙasa biyu lokaci guda.

Malam Sani, malaminmu na Turanci, shi ya ƙulla zumunci tsakanin ajinmu da wani aji a Indonesiya. Duk Laraba sai a tada janareta, a rataya farin zanen gado jikin allo, a haska majigi, mu gan su su gan mu. Sun nuna mana rawarsu da gonakin shinkafarsu masu hawa-hawa kamar matakala. Da layi ya zo kanmu aka ce ana neman mai magana da yawun aji, ni kuwa na ɗaga hannu har da ƙafa (bakina bai taɓa hutawa ba, kowa shaida ne). Malam ya ce in na yi abin kirki, kujerar tawa ce har ƙarshen zango.

Ranar na zo da albasa guda daga rudun da babanmu ke adana albasa a ciki, ja jawur, girman kan jariri. Na ɗaga ta gaban kyamara na ce duk albasar da ake ci daga nan har Legas ta garinmu Aliero ce. Suka tafa. Tafin nan ne ya kai ni ya baro. Sai na ƙara da cewa mu 'yan Aliero albasa ba ta sa mu hawaye, don a cikinta aka haife mu.

Wata yarinya a can, Siti, ta ɗaga hannu cikin ladabi ta ce, "Don Allah nuna mana."

To, ni na iya dashe, na iya ban ruwa, na iya dakon buhu. Amma yanka? Wannan aikin Inna ne da Yaya Hadiza, ni nawa ci. Na kalli Malam ko zai cece ni, sai Bashar, ɗan Jegan da kullum muke musun garin wa ya fi, ya yi tsalle.

"Malam, ku bar shi ya yanka! Mutuncin Aliero na fa!"

Kafin in ƙifta ya aro wuƙa da faranti wajen mai shayin bakin ƙofa.

Yankan farko lafiya lau, har da murmushi. A na biyu na ji kamar an watsa min barkono. Na zare ido na ƙi ƙiftawa, wai jarumi. A na uku hanci ya ɓalle. Sai na yi dabarar da ta fi kowace wauta: na murje ido da hannun da ke riƙe da albasar.

Daidai nan kwamfuta ta daskare.

Jama'a, ga fuskata a zanen gado, girman ƙofar masallaci: ido ɗaya a rufe, baki a karkace, majina na lilo. Hoto ya ƙi motsi, amma sauti na tafiya tsaf, muna jin dariyar Indonesiya tana zuba. Malam yana danne-danne, kafaɗunsa na rawa (har gobe yana cewa tari ne).

Bashar ya ce, "Wanga ba kuka na ba, abokina. Noman rani ka buɗe!"

Da hoto ya dawo, Siti tana share nata hawayen na dariya ta ce, "Kada ka damu, mu ma tana sa mu kuka. Jiƙa ta a ruwan sanyi kafin ka yanka."

Wato daga ƙetaren teku aka koya wa ɗan Aliero yankan albasa.

Laraba ta gaba Bashar ne a kan kujerata, yana ta zuzuta kasuwar Jega. Ni kuwa ina can baya, kuma abin da suka fara tambaya shi ne ko idona ya warke.

Na dai ƙaru da sanin duniya: mutanen Indonesiya suna da kirki, kuma suna da dariya. Sannan duk ƙaryar da za ka aika ƙasar waje, ka fara gwada ta a madafin gidanku, ƙofa a rufe.