Yadda Za Ki Kai Surukarki Kallon Tafkin Gishiri Ta Bar Miki Mijinki

Idan surukarki ta taso daga Adelaide da niyyar tattara ɗanta ta mayar birni, kada ki yi kuka, kada ki kira babarki. Yini ɗaya ya ishe ki, da mota mai cike da mai. Bi matakan nan, na ba ki tabbaci mijinki zai ci gaba da kwana inda ya saba. Shona, 'yar ƙanwar babata, ta gwada, ita da ko gaisuwa sai ta yi shawara da zuciyarta kafin ta fito.

Mijinta Fergus yana kiwon tumaki a gandun dattijo Merv, inda aka haifi Shona, inda kuma take so ta tsufa. Uwarsa Glenys ta samo masa aiki a shagon tayoyin ƙanenta a birni. Dalili kawai take nema ta ɗauke shi.

1. Ba ta kujerar gaba

Girmamawa ce. Kakkaɓe gashin kare daga kujerar, ki tura miji baya shi da karen. Kada ki gaya mata cewa wanda ya zauna gaba shi ke sauka a kowane shinge ya buɗe ƙofa, ya jira mota ta wuce, ya rufe. Karatun da ya shiga ta ƙafa ya fi zama.

A ƙofar farko Glenys ta ce, "Wa muke jira?"

"Ke, Mama," in ji Fergus.

Ta sauka da farin takalminta, ta yi kokawa da sarƙa, ta rufe ƙofar tsaf, ita kuma tana can bayan shingen.

"Mama, mu ta nan muke," in ji Fergus.

Ciji leɓenki. Idan ta ce ki riƙa kiran ta da sunanta, kamar yadda ta ce wa Shona, kuma bakinki ya ƙi, to kada ki kira ta komai. Yi gyaran murya, za ta juyo.

2. Kada kunya ta sa ki kawar da kai

Nan Shona ta yi sakaci, shi ya sa na sa shi da wuri. Kowa ya san doka: ƙofa, yadda ka same ta haka za ka bar ta. Amma tun safe "a rufe" kawai Glenys take ji, ba wanda ya faɗa mata ɗaya rabin.

Suka iso wata ƙofa a buɗe. Fergus ne ya bar ta haka da asuba, saboda famfon wannan makiyaya ya lalace, sai tumaki sun tsallaka su sha a kwamin da ke ɗaya gefen. Suna wucewa Glenys ta ce a tsaya, za ta zagaya bayan bishiya. Fergus yana barci da kare a cinya. Shona, don kunya, ta kafa ido a kan sitiyari. Glenys ta gama uzurinta, ta ga ƙofa hangame kamar bakin wawa, ta ja ta, ta naɗe sarƙar da kyau kamar tana ɗaure kayan biki. Ta dawo ta zauna a kujerarta. Mai aikin kirki ba ya shela.

3. Kwazazzabo, kafin rana ta yi ƙarfi

Tsaya inda jajayen duwatsu suka tsage biyu, sanyi yana fitowa daga ciki. Nuna mata ƙananan kangaru a kan dutse, sannan ki yi shiru. Dutse ya fi ki iya magana.

Glenys ta duba sama, ta duba ƙasa. "Ba laifi. Asibiti fa, in mutum ya faɗo? Fergus, kawunka ya ce har mota zai ba ka."

Fergus ya shiga duba kunnen kare da gaske. Kada ki ji haushinsa. Namijin da ke tsakanin uwa da mata kullum yana samun ƙaya a jikin kare.

4. Bar wa ƙudaje aikinsu

Shimfiɗa abinci a fili, burodi da naman rago. Kada ki ba da haƙuri saboda ƙudaje, ba ke kika gayyato su ba. Da ta soma lissafa alherin shagon tayoyi, ɗaya zai shige bakinta. Ƙuda bai san suruka ba. Miƙa mata shayi.

5. Tafki

Idan kin ga ta zo da tawul da kayan iyo, kada ki yi mata bayani. Ki hau tudun ƙarshe a hankali, ki kashe mota, ki bar farin gishirin ya buɗe a gabanta har inda ido ya gaji.

"To, ruwan yana ina?"

"Ya zo shekarar da muka yi aure, Mama," in ji Fergus. "Ya koma."

Glenys ta ce ita sai ta taka. Gishirin ya fashe, baƙin taɓo ya haɗiye farin takalmin har idon sawu. Shona ta rufe ido tana jiran a ce su tattara kaya. Da ta buɗe, sai ta ga matar tsaye cikin taɓo, tawul a kafaɗa, tana kallon nesa.

"Da babanka yana raye," in ji Glenys, "da ba mu tashi daga nan yau ba."

Kada ki ɗauka kin ci nasara. Tana shiga mota ta koma zancen tayoyi.

6. In an kama ku, yi shiru

Da yamma suka tarar da a-kori-kurar Merv a bakin waccan ƙofa. Ya riga ya buɗe ta, tumaki suna ta tureriya zuwa ruwa bayan sun yini a rana jikin wayar shinge. Shi kuwa yana rungume da ɗan rago da ya kasa tsayuwa.

"Fergus, me na ce maka jiya?"

"A buɗe na bar ta, Merv."

"Af, ashe iska ce ta naɗe sarƙar. Iska mai tarbiyya." Ya tofar da yawu. "Wanda ƙofa ɗaya ta gagare shi ba zan bar masa garkena ba. Ka soma ɗaure kayanka."

Shona ta gane. Fergus ma ya gane, amma ya sunkuyar da kai, don ba zai kira sunan uwarsa ba. Glenys kuwa, ga abin da ta zo nema an ɗora mata a tafin hannu. Bakinta kawai za ta kama, ɗanta ya bi ta birni.

Ki ƙidaya ƙudajen kan gilashi. Kada ki dube ta.

Ƙofar mota ta buɗe, Glenys ta sauko.

"Dattijo, ɗan wa kake wa faɗa haka? Yaron nan tun da na haife shi bai taɓa rufe ƙofa ba. Ta firji, ta banɗaki, ta gida, ni ke bin sa ina rufewa. Dubi naɗin nan da kyau. Ya yi maka kama da aikin Fergus? Ni na rufe, kuma duk gandun nan ba wanda zai rufe ta kamar haka."

Merv ya dubi ƙafafunta masu taɓo, ya cire hula ya sosa kai. Sai ya ɗora mata ɗan ragon a hannu.

"To, Madam, ga naki. Ruwa kaɗan-kaɗan, kada ya ƙware. Kai kuma, famfon nan gobe da sassafe."

A kofin shayinta ta shayar da shi. Sun yi nisa kafin ta juyo ta harari Shona.

"Ke, marar magana. Kin ga abin da kika sa na yi wa kaina?"

Shona ta miƙa fulas. "Ƙarin shayi, Mama?"

Gargaɗi

Ba ni da alhakin takalmi, ko tumaki, ko ƙudan da aka haɗiye. Fergus yana nan yana kiwo. Sai dai duk lokacin sanyi Glenys tana zuwa duba ragonta, ta sauka a ɗakin ɗinkin Shona, ba ta kuma faɗar ranar komawa. Kujerar gaba tata ce, ba mai taɓa mata ƙofa, har baƙi masu yawon kallo take tsayarwa ta koya musu doka. Na ce mijinki zai zauna. Ki sake karantawa daga farko, ba inda na ce uwarsa za ta tafi.