Ranar da Taguwa Ta Durƙusa da Kawu

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da za a wanke mini kai da ruwan kogin Bahar da sabulu, ranar da motata ta durƙusa a bakin garinmu da gawar Kawu Bello a bayanta. Shekaru sun ja, yaƙi ya zo ya watsa rabin waɗanda suka ga abin, amma har yau in na haɗu da ɗan garinmu, ko a tashar Managil ne, da an gama gaisawa sai ya ce, "Ya zol, mutumina, ina Taguwa?" Sai in yi dariya. To me zan yi? Ƙato da gemu ba ya kuka a tasha.

Bari in faro muku daga laka. Garinmu yana yamma da Abu Na'ama, in ka sauka daga kwalta ka miƙa cikin gonakin dawa da riɗi. Ƙasarmu baƙa ce, da rani ta tsage har akuya ta faɗa ciki, in damina ta sauka kuma ta zama kunu. Na taɓa ganin ta haɗiye jaki ta bar kunnuwa (to, gwiwoyinsa ta kama, amma jakin ya tsorata ƙwarai). Tarakta kaɗai ke shiga da fita. Ni kuwa ina da boksi, 'yar motar nan mai buɗaɗɗen baya, ina jigilar mutane da buhuna zuwa kasuwa, kuma duk damina sai in zauna ina kallonta kamar hoto.

Shi ya sa na kai ta Damazin wurin Usta Ja'afar bakanike, na ce ya ɗaga mini ita sama. Ya ɗaure gabanta har ta miƙe wuya, ya ƙara mata ƙarfe a baya, muka sa tayoyi masu haƙora irin na kada. Da na hau, wallahi sai da na hango Habasha. Usta ya share hannu ya ce, "Ka ƙara mata tsawo, amma gwiwar ta tsohuwa ce. Sai ka sake magas da baida." Magas shi ne ƙarfen nan mai kama da almakashi da ke riƙe da tayar gaba, baida kuwa ƙwallon ƙarfe ne kamar ƙwai da ke haɗa shi da tayar. In ka ɗaga mota, duk wahalar a kansu take sauka. Ban yi musu ba. Na sayi sababbi masu kauri, jajaye wur, an shafa musu fenti suna ƙyalli kamar amare.

Amma ban bari ya ɗaura su a Damazin ba. Wa zai gani a Damazin? Mu a garinmu sabon abu ba a yin sa a ɓoye. Ko garma mutum ya saya, ranar kasuwa yake haɗa ta, ƙarƙashin bishiyar bedin da mai shayi take zama, kowa na kurɓa yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Na ce wa Usta ya zo ranar kasuwa da kayan aikinsa, zan yanka masa kaza. Sai ruwa ya riga shi zuwa. Hanya ta rufe, Usta ya ce ba zai kashe kansa don kaza ba. Jajayen ƙarafana suka zauna cikin buhu a bayan mota, duk wanda ya tsaya kusa sai in kwance bakin buhun in nuna masa, kamar mai nuna jariri.

Kawu Bello ƙanen mahaifiyata ne, kuma shi ya riƙe ni tun ina tsirara bayan babana ya rasu. Gajere ne, ga baki kamar barkono. Duk zolayar da kuke ji a bakina, a gidansa na koyo, kuma ban kai rabinsa ba. Ranar da na shigo gari da motar a ɗage, ya zagaye ta da sandarsa, ya leƙa ƙarƙashinta ba tare da ya sunkuya ba, ya ce, "Ɗana, mi ag wanga? Mota ka kai gyara, sun ba ka taguwa?" Taguwa, wato raƙuma, sunan ya bi ta daga ranar. Na ce ya hau in zagaya da shi. Ya ce, "Ran da zan hau wagga aba, sai dai a ɗora ni."

Ba a daɗe ba gabanta na hagu ya fara ƙara in na shiga rami, ƙwas, ƙwas. Maganin da na samo shi ne in ƙara muryar rediyo. Kawu kuwa daga zaune a ƙofar gida ya ji. Ya ce, "Gwiwar taguwarka na kuka irin tawa. Ni dai na tsufa, ita mi yac cinye ta?" Na ce, "Kawu, maganin yana cikin buhu." Ya ce, "To, Allah shi ba buhu lafiya."

Cikin daminar nan ciwo ya kwantar da shi. Ruwa ya ɗan ɗaga, aka ce a kai shi asibiti Damazin. Na kawo Taguwa har ƙofar ɗaki, na shimfiɗa katifa. Mutumin nan, numfashi da ƙyar, ya buɗe ido ɗaya ya ce a kira Adamu mai tarakta. Haka aka yi. Tarakta ta kai shi kwalta, bas ta ƙarasa da shi, ni kuma ina biye da su da mota fayau, ni da buhuna.

Da safe ya cika. Zainabu, 'yarsa da ta yi jinyarsa, ita ta fito ta same ni a bakin ƙofa ina shan shayi, ta ce, "Yaya, Baba ya tafi." Kofin bai faɗi ba, ban yi ihu ba. Na dai ci gaba da juya cokali har shayin ya huce.

Wasiyyarsa ɗaya ce, kuma ya sha faɗa har mun haddace: a kai shi gida, a kwantar da shi kusa da matarsa Inna Hajjo a kan tudun maƙabartarmu. Aka yi masa wanka da sutura a gidan dangi, aka ɗora shi a angarib, gadon igiyar nan da muke ɗaukar mamaci a kai. Aka buga waya gida, maza suka fita haƙa. Sai dai gabas ta fara haɗa baƙi. Kowa ya san abin da hakan ke nufi: in ruwan ya riga mu, kabarin zai cika, hanyar tudu ta rufe, sai dai a binne shi a Abu Na'ama cikin baƙi.

Aka ɗora angarib a bayan Taguwa, maza biyu suka zauna suna riƙe da shi, Zainabu a gaba kusa da ni. An ɗora shi, kamar yadda ya faɗa.

A mararrabar da ake sauka daga kwalta muka tarar da Adamu, ya share tirelar taraktarsa ya shimfiɗa tabarma. Ya ɗaga hannu muka yi Fatiha, ya ce, "Ku sauko da shi nan, hanyar ba ta da kyau." Da na ce to, da yau ba ni da labari. Amma sai na ji wani abu ya taso mini, rabi baƙin ciki rabi girman kai, ban san inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara ba. Na ce, "Adamu, Kawuna ba buhun dawa ba ne da za a kai shi gida a tirela." Zainabu ta ce a hankali, "Yaya, Baba bai son motar nan." Sai bakina, wannan bakin da ba ya neman izinina, ya ce, "Yau dai ba zai yi gardama ba." Ta juyar da kai ta rufe fuska da mayafi. Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige ban yi sallama ba.

Muka sauka cikin laka, Adamu na biye da mu daga nesa. Kuma gaskiya Taguwa ta yi abin kirki da farko, tana ratsa kunun nan tana watsa shi gefe. Sai ƙarar ta fara. Ƙwas. Hannuna ya tafi wurin rediyo da kansa, na janye shi, don ba a kunna waƙa da gawa a mota. Ranar na fara jin ƙarar nan da kunnena sosai. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar ana buga ƙofa. Zainabu ta ce, "Mene ne wannan?" Na ce, "Gaisuwa take yi." Gumi kuwa har cikin takalmina.

Dab da gari akwai wata 'yar siririyar hanya da aka ɗaga da ƙasa, ruwa dama ruwa hagu, mota ɗaya take ɗauka. Daga can na hango mutanen gari sun yi layi cikin fararen jallabiyu, Liman a gaba, mata a bayan danga. Duk garin. Taron da na yi ta mafarkin samu ranar kasuwa. Sai na gyara zama, na ɗan taka mai (ɗan kaɗan, na rantse), don Kawu ya shiga gida da martaba.

Ƙarar da ta biyo ba ƙwas ba ce. Ƙau! Tayar hagu ta lanƙwashe ta shige ciki, hancin motar ya nutse a laka, bayanta ya ɗaga sama. Taguwa ta durƙusa, sak yadda raƙumi ke yi in za a sauke kaya. Angarib ya zamo ya bugi bayan kujerunmu, masu riƙe da shi suka kife a kansa suna salati, laka ta fallatsa a kan likkafani. Buhuna kuwa ya yi tsalle ya fashe, jajayen ƙarafa suka zube a hanya suna ƙyalli.

Mutane suka sheƙo da gudu. Ba wanda ya zage ni, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Liman ya duba Kawu, ya gyara masa sutura, sannan ya sunkuya ya ɗauki magas ɗaya, ya juya shi. Ya ce, "Wannan fa?" Na ce, "Sabo ne, Malam." Ya dubi tayar da ta karye, ya dubi abin da ke hannunsa, ya ce, "Na wace mota?"

Ga kuma abin da ya fi muni: na toshe hanyar. Adamu ya iso da tarakta amma ba ta da inda za ta bi. Na hana kaina, na hana mai iyawa. Iska ta taso, ɗigon farko ya faɗo a kan gilashi. Ina zaune riƙe da sitiyari kamar an manna ni, sai Zainabu ta buɗe ƙofa ta sauka cikin laka, ta zagayo ta gefena. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Yaya, sauko ka ɗauki Baba."

Na sauko. Na kama ƙafar angarib ta gaba, ta hagu, daidai gefen da motar ta gaza, na ɗora a kafaɗa. Takalmana suka tsaya a taku na farko, ban waiwaye su ba. Laka har gwiwa, ruwa na dukan fuska, ana la'ilaha illallahu ana zamewa ana tashi. Al'ada ce a riƙa karɓar juna, kowa ya sami lada, amma duk wanda ya miƙo kafaɗa ta wurina sai in girgiza kai, su kuma suka ƙyale ni. Abin da ya karya ni shi ne rashin nauyinsa. Mutumin da ya goya ni a wuya zuwa gona, ya zama kamar damin karan riɗi. Na yi kuka kamar jaki, na gode wa Allah da ruwan sama ya rufa mini asiri.

Muka isa tudu ruwa ya fara taruwa a ƙasan kabari, mutane na kwashewa da kwanoni. Aka yi salla a tsaye cikin ruwa. Wani ya ce a goge lakar da ke kan likkafani, Liman ya ce, "Ku bar ta, ƙasar gonarsa ce." Aka kwantar da shi kusa da Inna Hajjo. Muna gama mayar da ƙasa, sama ta ɓalle gaba ɗaya.

A zaman makoki, duk wanda ya shigo sai ya ɗaga hannu mu yi Fatiha. Abokaina kuwa, 'yan banza, in sun shafa sai su sake ɗagawa su ce, "Wannan ta Taguwa ce." Har Zainabu sai da ta yi murmushi da aka ba ta labari, ta aiko mini da shayi ta ce a gaya mini Baba ya ci gardamar.

Da ƙasa ta bushe Usta ya zo ya ɗaura jajayen ƙarafan a nan inda ta durƙusa. 'Yan kallo: balbelu da saniyar wani. Bai ma nemi kazar ba.

Abin da na koya? In ka ƙara wa abu tsawo, ka duba gwiwarsa, ko mota ce ko kai kanka. Kuma magani a buhu, buhu yake warkarwa. Har yau in hadari ya haɗu, kafaɗata ta hagu takan yi ƙara in na ɗaga hannu, ƙwas. Matata ta ce in je asibiti. Na ce a'a, wannan na san mai bugawa, kuma ba na kunna masa rediyo.