Ranar da Na Ba Malamar Tamowa Shawara

Ba zan taɓa mantawa da ranar da bakina ya kai ni ya baro a asibitin Zurmi ba. Ɗana Sadiku ne ya rame bayan yaye, gashinsa ya yi ja, ƙafafu suka kumbura. Likita ya ce tamowa ce, ya tura ni wurin malamar da ke ba uwaye shawara kan abinci.

Ni kuwa Allah ya yi mini jiki (ko a motar Moriki sai an rage mutum a layina), kuma na taso da imanin mai ƙiba shi ya san abinci. Ina zaune a benci sai ga wata siririya kamar sillen kara ta zauna kusa da ni, tana yi wa Sadiku wasa. Tausayi ya kama ni.

"Baiwar Allah," na ce, "in malamar ta zo, ki roƙe ta madarar nan ta yara. Wallahi kin fi ɗana buƙata."

Ta yi murmushi. "To Hajiya."

Da na yi shiru nan, da sauƙi. Ina! Sai na ƙara da cewa fatana malamar ta kasance mai jiki, don wadda ba ta ciyar da kanta ba, mi za ta koya mini?

Sai wata ma'aikaciya ta leƙo. "Malama Hauwa, an buɗe ofishin naki."

Siririyar ta miƙe, ta saɓa Sadiku a kafaɗa. "Taho Hajiya, ke ce ta farko."

Matan benci suka tuntsire da dariya. Na ja hijabi har hanci, amma jiki irin nawa ba ya ɓoyuwa.

A ciki ko da wasa ba ta tayar da maganar ba. Ta tambayi abin da nake ba shi (shayi da biskit, ni gwanar abinci!), ta koya mini kunun gero da gyaɗa da waken suya, ta sa na maimaita har ya zauna. Kafin kaka Sadiku na gudu a tsakar gida.

Da na koma neman gafara, ta ce, "Duk gidanmu haka muke, Hajiya. Ke ai kin shigo. Wasu daga ƙofa suke juyawa in sun gan ni, ɗiyansu nake tausayi."

Tun daga nan na daina auna ilimi a sikeli. In na zauna a benci kuma, sai na tambayi mutum aikinsa kafin in tausaya masa.