Yadda Ake Hawa Keke Da Kilt Zuwa Auren 'Ya

Kai mai kilt, zanen gargajiyar mazanmu, a ƙugu da keke a ƙofar gida, kakarka ta yanke saƙa. Bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka isa inda za ka, kuma duk tsibirin nan zai san ka zo. Maƙwabcina Murdo ya jarraba su ranar auren 'yarsa Ishbel, har yau ba a daina zancen ba.

1. Samu dalili mai ƙarfi

Mai hankali ba ya ɗaura zanen ulu mai ninki-ninki iya gwiwa ya hau keke haka kawai. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Tun da Murdo ya rabu da uwar Ishbel, ta auri Hamish mai ciran haƙori, Hamish ke zuwa duk wata hidimar yarinyar a kan kari, Murdo kuwa sai an watse ya iso yana haki. Shi ya sa Ishbel ta faɗa masa ba wasa: in mai algaita ya gama busa a ƙofar coci ba ta gan shi ba, Hamish ne zai riƙe hannunta ya kai ta gaban fasto. Maganar ta ci Murdo sosai, ko kunun safe ya kasa sha.

2. Kada ka duba motarka sai ranar

Masu cewa ba a fafe gora ranar tafiya matsorata ne. Murdo ya murɗa makulli, mota ta yi tari, ta yi shiru. Saura keke.

3. Riƙe al'ada da kyau

Kowa a nan ya san namijin ƙwarai ba ya sa komai a ƙarƙashin kilt. Na leƙo ta katanga na roƙi Murdo ya zura ko ɗan gajeren wando ne, ba mai sani. Ya ce kilt ɗin na kakansa ne, kakan kuwa haka ya je yaƙi da shi. Ban tuna masa cewa ba a kan keke kakan ya je yaƙin ba. Kai ma ka tsaya kan bakanka. Sirdin da ya kwana cikin ruwan sama zai yi maka kyakkyawar maraba.

4. Hau da dabara

Kada ka wurga ƙafa ta baya in da mutane a kusa. Kwantar da keken ka tsallaka kamar mai ƙetare kwata, ka tattaro ninkin baya ka danne shi da zama. Jakar fatar ado da ke rataye a gaban kilt ɗinka za ta riƙa dukanka duk bugun feda, daidai inda ba ka so. Sai haƙuri, ado ke nan.

5. Raba aiki tsakanin hannuwanka

Ɗaya a kan keke, ɗaya a kan mutuncinka. Birki kuwa ka bar wa Allah. Gangaren cocinmu teku yake kallo, iskar teku kuma ba ta san ɗan gidan kowa ba. Tumakin bakin hanya sun ga abin da suka gani, suka ci gaba da kiwo, Allah ya saka musu. Tsohuwa Effie mai shago da ke shanya a lokacin ba ta da irin wannan tarbiyyar.

6. Kada ka miƙe tsaye a kan feda, ko wuta ake yi

Murdo ya miƙe. Ya jiyo algaita ta kusa ƙarewa, ya hango Hamish a ƙofar coci yana gyara wuyan riga, sai ransa ya ɓaci ya tashi ya take feda da ƙarfi. Ninkin da ya danne ya zame, tayar baya ta cafke shi ta naɗe tam. Keke ya tsaya cak a bakin ƙofa, da Murdo ɗaure a jikinsa.

Maza suka taru. Wani ya zaro wuƙar da muke sokewa a safa zai yanke, Murdo ya rantse duk wanda ya taɓa kilt ɗin kakansa sai ya raba shi da yatsu. Wani ya ce to ya tuɓe kilt ɗin mana a warware. Murdo ya yi masa raɗa a kunne, mutumin ya ɗaga kai yana duba hadari. Hamish ya matso da zaƙin bakinsa.

"Kada ka damu, ɗan'uwa. Bari in shigar da ita, in an kwance ka ka biyo mu."

Wallahi na tausaya wa Murdo. Sau ɗaya a rayuwarsa ya zo da wuri, ga shi keke ya riƙe shi, idanunsa suka cika da hawaye.

7. In ka kasa rabuwa da keken, tafi da shi

Ishbel ta fito daga mota cikin farar riga, ta dubi uban, ta dubi tayar.

"Baba, ka ji ciwo?"

"A'a, 'yata. Amma na zo kafin mai algaita ya gama busa. Ki tambayi kowa."

Sai ta saƙala hannu ɗaya a nasa, ta kama kan keken da ɗayan, ta juya ta ce, "Hamish, don Allah ɗaga mana tayar baya."

Haka suka shiga. Amarya a gefe, Murdo yana jan ƙafa da keke tsakanin gwiwoyinsa, mai ciran haƙori a baya duƙe da taya, yana kau da kai iyakar iyawarsa. Da fasto ya tambayi wa ke bayar da wannan yarinya, Murdo ya ce shi ne, da ƙarfin da har na bencin ƙarshe suka ji rawar muryarsa.

Sanarwa

Ni dai shawara na bayar. Yagewar kilt, mura, ƙujewar cinya da bakin Effie duk ba ruwana, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. In kuma ka san 'yarka ba irin Ishbel ba ce, sa wando ka fita da wuri.